Tambaya da Amsa: Yadda Ake Fitar da Tabon Gurzawa Daga Akwatin Kayan Kiɗa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni makaɗin jita ne a wata ƙungiya da ke wasa a bukukuwan aure a Jos da kewaye. Shekara biyu da suka wuce na tara kuɗi na sayi akwati mai tauri, baƙi, na roba, saboda jakar yadin da nake amfani da ita ba ta kare jitar a cikin mota. A watan jiya muka je biki Bauchi, yaron mota ya cusa akwatin a but tare da safaya taya da buhuna, da muka sauka na tarar jikinsa duk zane-zane ne, wasu farare, wasu baƙi-baƙi marasa sheƙi, ga kuma wani dogon jan layi da nake zaton fenti ne. Na goge da tsumma da ruwa bai fita ba. Wani abokina ya ce in sa fetur, wani kuma ya ce tina, wato ruwan sirka fenti, ce maganinsa. Ina neman shawararku kafin in taɓa.
*Mai karatu daga Jos*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ina roƙonka ka ajiye shawarar fetur da tina, kuma zan dawo in bayyana maka dalili. Mafi yawan tabon da ka lissafa zai fita da abubuwan da ke cikin gidanka yanzu haka idan ka bi shi a hankali, amma ɓarnar da tina ke yi wa irin wannan roba cikin minti ɗaya ba ta komawa yadda take.

Abin da muke kira tabo a jikin akwati iri uku ne, ko da yake a ido kamanninsu ɗaya. Akwai wanda wani abu ne ya gogi akwatin ya bar nasa jikin a kai, kamar robar taya, ko fentin ƙarfen mota, ko ƙasan takalmi. A nan akwatin bai rasa komai ba, ƙari aka yi masa. Akwai karce, inda abu mai kaifi ya kankare fuskar robar ya tafi da wani ɓangare nata. Akwai kuma farin tabon da duka ke jawowa, domin idan aka buga roba da ƙarfi cikinta kan yi ƙananan tsagogin da ido ba ya gani, wurin ya yi fari, kamar yadda ƙafar kujerar roba ke yin fari a inda ta lanƙwashe. Gane su ba wuya. Ka ja farcenka a hankali ka ratsa tabon: idan ya wuce sumul, ko ka ji ɗan tudu, abu ne ya manne a sama, idan ya faɗa rami ya maƙale, karce ne. Sannan ka ɗiga ruwa a wurin. Farin zanen da ya ɓace da ya jiƙe, ya kuma dawo da ya bushe, ƙujewa ce marar zurfi wadda ruwa ya cike kaushinta na ɗan lokaci, amma wanda ya ci gaba da zama fari ko a jiƙe, ba tudu ba rami, musamman a kusurwa ko kusa da hinji, shi ne na duka. Bisa bayaninka, jan layin da baƙaƙen shafe-shafen duk na farko ne, kuma su ne mafi sauƙin magani.

Kafin ka kawo ruwa kusa, ka fitar da jitar ka kai ta wani ɗaki, sannan ka rufe akwatin ka maƙala maƙullansa. Shafin cikin akwati ƙarammiski ne da aka manna a kan soso, idan ruwa ya shige shi yakan daɗe bai bushe ba, ya kawo funfuna da wari, ya kuma sa wayoyin jitar tsatsa. Fentin jikin jita ma ya fi robar akwati rauni sosai, balle irin fentin da ake kira naitiro, wanda kamfanin ƙera jita na Gibson ke amfani da shi har yau, wanda ɗigon sifirit ko tina ke iya ɓatawa.

Aikin farko shi ne kawar da ƙura, kuma mutane da yawa a nan suke yin kuskure. Ƙurar ƙasarmu, musamman ta hunturu, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi wanda ya fi roba tauri nesa ba kusa ba, saboda haka wanda ya sa busasshen tsumma ya dirje akwati mai ƙura ya ƙara masa ɗaruruwan ƙananan karce da hannunsa. Ka kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi, ka bi da jiƙaƙƙen tsumma ba tare da dannawa ba. Daga nan ka zuba ɗigo uku ko huɗu na sabulun wanke-wanke na ruwa a cikin rabin lita na ruwan ɗumi, ka tsoma tsohuwar singileti ta auduga, ka matse ta sosai, ka wanke jikin akwatin gaba ɗaya. Idan fuskarsa mai gurzi-gurzi ce, kamar yadda yawancin baƙaƙen akwatunan jita suke, tsohon buroshin haƙori zai shiga ramukan da tsumma ba ya kaiwa. Kada soson waya ko koren soson tukunya ya kusanci wurin, haka toka da kanwa da bilic da garin omo wanda bai narke ba. Ka ɗauraye da tsumma mai tsabta, ka bar shi ya bushe a inuwa, sannan ka sake dubawa, domin sai ya bushe za ka san abin da ya rage.

Abin da sabulu ya bari, ka gwada shi da farin kilina, wato magogin fensir na 'yan makaranta. Na san zai yi maka kamar ya yi ƙanƙanta ga wannan aiki, amma a kan shafen robar taya da na takalmi ban san abin da ya fi shi dacewa ba, domin yana kama robar ya naɗe ta ya fito da ita ba tare da ya ci fuskar akwatin ba. Ka zaɓi fari mai laushi, ka guji mai launi biyu wanda ɓangarensa ɗaya ke goge biro, saboda wannan ɓangaren yana da ɓarɓashi mai kankara a ciki. Idan kilina bai gama ba, ka sa man goge baki fari, wanda ba mai kama da jeli ba, kamar girman ƙwayar wake a kan jiƙaƙƙen tsumma, ka murza a zagaye na kimanin daƙiƙa 30, ka goge ka duba. A cikin man akwai gari mai laushi ƙwarai da ke kankare dattin haƙori, shi ne ke ɗauke tabon. Ka tabbata ka wanke ragowarsa daga ramukan robar da buroshi, in ba haka ba zai bushe ya bar fari wanda ya fi tabon farko fitowa fili.

Za ka iya jin labarin wani farin soso da ake sayarwa a manyan kantuna, wanda kamfanin BASF na Jamus ke yin kumfarsa da sunan Basotect, kamfanin Procter & Gamble kuma ya fito da shi kasuwa a 2003 da sunan Magic Eraser. Yana fitar da tabo da ruwa kawai, amma ya kamata ka san cewa aikinsa irin na sanfefa ne mai laushi sosai. A kan akwati mai sheƙi yana dushe wurin da ya taɓa, a kan mai gurzi-gurzi kuma, idan aka matsa masa, yana baje gurzin ya bar wani fili sumul da ya bambanta da sauran jikin. In za ka yi amfani da shi, ka jiƙa shi, ka shafa a kan tabon kaɗai sau biyar ko shida ba tare da ƙarfi ba, ka tsaya ka duba.

Jan fentin nan ne mai yiwuwa zai ƙi duk waɗannan, kuma a kansa kaɗai nake ba ka izinin sifirit na kemis. Ka fara gwada shi a ƙasan akwatin, inda ba a gani, ka jira minti biyar. Idan wurin bai dushe ba kuma bai yi danƙo ba, sai ka ɗiga kaɗan a auduga, ka riƙa taɓa fentin kana ɗagawa, kana sauya audugar duk lokacin da ta ɗauki ja, don kada ka baza fentin a inda babu shi. Kada ka zuba sifirit kai tsaye a jikin akwatin, kada kuma ka bar jiƙaƙƙiyar auduga ta kwanta a kai. Da ka gama ka bi wurin da ruwan sabulu.

Yanzu ga dalilin hana fetur da tina. Yawancin akwatunan kayan kiɗa na roba mai tauri da robar da ake kira ABS ake yin su, kamar na kamfanin Hiscox na Ingila da da yawa daga cikin na SKB na Amurka. Wasu kuma, kamar na kamfanin Pelican, da folifurofilin ake yi, wato robar da ake yin kujerun biki da bokiti da ita, wadda ke jure sinadarai da yawa. ABS ba ta da wannan juriya. Asiton, wanda ke cikin ruwan goge jan farce da kuma tina iri-iri, narkar da ita yake yi kai tsaye, har masu gyara kan jiƙa gutsattsarinta a cikinsa su mai da ita gam. Fetur bai kai haka sauri ba, amma yana ratsa robar ya raunana ta, kuma raunin kan fito ne a wuraren da ke ɗauke da nauyi, wato gindin mariƙi da kewayen ƙusoshin hinji, inda tsaga za ta iya bayyana bayan makonni. Tunda ido ba ya bambance waɗannan robobi a kowane lokaci, ka ɗauka naka ABS ne. Abin da ya fi damuna a nan shi ne ranar da mariƙin zai tsinke kana hawa bene da jitar a ciki, domin saboda irin wannan rana ka sayi akwatin tun farko. Kananzir ma ka bar shi, ko don warinsa da ke kama shafin ciki ya ƙi fita.

Karce na gaske ba ya gogewa, sai dai a rage fitowarsa. Idan akwatin mai sheƙi ne, ɗan man goge fenti na masu fentin mota zai lafar da marasa zurfi. Idan mai gurzi-gurzi ne, shawarata ka bar su yadda suke, domin sanfefa za ta mai da siririn layi ya zama faffaɗan tabo. Wasu kan haska wa wurin wuta ko iska mai zafi don baƙin ya dawo. Ban yarda da wannan ba, saboda ABS tana fara saki a wajen digiri 105 a ma'aunin Selshiyas, tazarar da ke tsakanin dawo da launi da lotsa akwatin kuma kaɗan ce ƙwarai, ga soson da aka manna a ƙarƙashi wanda zafi ke ɓamɓarewa. Farin tabon duka kuwa ya fi buƙatar bincike a kan wanki. Ka buɗe akwatin ka danna wurin da yatsa daga waje da ciki, ka haska tocila. Idan ya yi laushi ko ka ga tsaga, ka kai wa masu ɗinkin roba da ke gyaran bamba da robobin babur, su huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, su kuma yi mata faci ta ciki.

Idan ka gama, kada ka fesa masa man ƙyalli na gaban mota. Yawancin irinsa na ɗauke da silikon, wanda ke bin tafin hannu ya koma jikin jita, kuma duk ranar da jitar ta buƙaci gyaran fenti, sabon fentin ba zai kwanta daidai a inda silikon ya taɓa ba. Basilin da man gyaɗa suna sa baƙi ya fito na yini ɗaya, sannan su kama ƙura. Abin da ya fi duk wannan amfani shi ne ka sa tela ya ɗinka wa akwatin riga da yadin kanbas mai kauri, ka kuma tsaya a tasha har a gama lodi, ka ga an ɗora shi a saman kaya nesa da taya da jak.

Tambaya: Ni malama ce a wata makarantar sakandare a Kaduna, kuma ni ke kula da kayan badujalar ɗalibai. Akwatunan begila da saksofon namu tsofaffi ne, na katako da aka lulluɓe da baƙar leda. Sun gurje, kusurwoyin sun yage, yara sun manna musu sitika, maƙullan wasu sun yi tsatsa har da robar tub ɗin taya ake ɗaure su. Ko hanyar wanke su ɗaya ce da ta akwatin roba?
*Mai karatu daga Kaduna*

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan kula da kayan da jama'a da yawa ke amfani da su. Farkon hanyar ɗaya ne, wato a fitar da kayan kiɗan, a kaɗe ƙura, a bi da ruwan sabulu da buroshi mai laushi, amma a nan sai kin ƙara yin hattara da ruwa. Ledar nan ita ce wadda makaɗa ke kira Tolex, sunan da kamfanin General Tire na Amurka ya yi wa rajista a 1945, kuma yadi ne aka shafe fuskarsa da roba mai laushi, dangin ledar kujerun mota. Ita kanta ruwa ba ya ratsa ta, sai dai duk inda ta yage ƙofa ce zuwa katakon da ke ƙasa, wanda idan ya sha ruwa zai kumbura, gam ɗin ya saki, yagewar ta ƙara faɗi. Saboda haka tsumman ya zama mai danshi kawai, kuma a shanya akwatunan a inuwa. Kilina yana aiki a kan wannan leda, amma sifirit ki taƙaita shi matuƙa, domin yawan shafa shi yana janye sinadarin da ke sa ledar laushi, ta bushe ta fara tsattsagewa.

Sitika kuwa man gyaɗa ne maganinta. Ki ɓare abin da ya ɓaru da hannu, ki shafa ɗan mai a kan ragowar takardar da gam ɗin, ki bar shi minti 10 zuwa 15, sannan ki ture da gefen tsohon katin banki, ki wanke man da sabulu har wurin ya daina santsi. Kada man ya kai bakin yagewa, domin gam ba zai ƙara kama wurin da ya sha mai ba. Ki kuma lura kada a haɗa da takardar lambar kayan makaranta, idan akwai ta a jiki.

Leɓen ledar da ya ɗago, ki sa masa farin gam na kafintoci da tsinken sakace, ki kwantar da shi, ki goge wanda ya ɓullo da danshin tsumma, ki danne da salatif na takarda ya kwana. Inda baƙin ya gurje har farin yadin ƙasa ya fito, rinin fata baƙi irin na masu gyaran takalma ya fi kyau, ko baƙar maka, wato alƙalamin tawada mai kaurin baki, marar gogewa idan wurin ƙarami ne, ko da yake maka kan yi ɗan sheƙin shuɗi a rana. Man takalmi yana rufe tabo da kyau, amma ban ba ki shawararsa ba, tunda ɗalibai rungumar akwatunan suke yi, kuma zai koma jikin fararen rigunansu.

Maƙullai da hinji ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya ishe su, a motsa su sau da yawa, a goge abin da ya malalo. Wanda ya karye a sauya shi, domin akwatin da ba ya rufuwa zai iya zubar da saksofon a ƙasa, gyaran lotsattsen saksofon kuma ya ninka kuɗin maƙulli sau da yawa. Robar tub ɗin nan a yi ƙoƙarin rabuwa da ita, musamman kada a jefa ta cikin akwati bayan an kwance, saboda akwai farar wuta a cikinta, wadda ke baƙanta kayan busa masu ruwan azurfa. Idan cikin akwatin yana warin rima, a kaɗe shi, a bar shi a buɗe a inuwa mai iska, a sa gawayi a cikin safa mai tsabta ya yi kwana biyu ko uku a ciki. Kada a fesa turare.

Tambaya: 'Yata tana koyon goge irin na Turawa, akwatinsa fari ne mai sheƙi. Ta ga baƙin tabo a murfin, ta goge da ruwan cire jan farce, yanzu wurin ya dushe kuma yana ɗan danƙo. Akwai abin da za a iya yi?
*Wata uwa daga Abuja*

Amsa: Hajiya, abu na farko shi ne a daina taɓa wurin, kada a ƙara masa komai, ko da ruwa ne da tsumma, domin fuskar da ta yi laushi tana ɗaukar sawun yatsa da zaren yadi ta riƙe su. A fitar da gogen da bakansa, tunda fentin irin wannan goge ko sifirit yana narkar da shi, a bar akwatin a inuwa kwana biyu ko uku har asiton ɗin ya gama fita, wurin ya taurara. Idan bayan haka dushewa ce kawai ta rage, ba lotsawa, akwai gyara: ana jiƙa sanfefa mai lamba 2000, wato mai laushi ƙwarai, a shafa a hankali da ruwa, sannan a bi da man goge fentin mota har sheƙin ya dawo. Fatar sama ta irin waɗannan akwatuna siririya ce, hannun da bai saba ba yana iya ratsa ta ya kai ga abin da ke ƙasa, don haka na fi son ki kai wa ƙwararren mai fentin mota, ki gaya masa ainihin abin da aka zuba, ki kuma hana shi sa tina ko injin goge mai gudu. Idan ya ga sai an sake fesa murfin, a rufe bakin akwatin da takarda da salatif don kada fenti ya shiga shafin ciki, a kuma bar shi a buɗe ya sha iska na aƙalla mako guda, har warin ya tafi gaba ɗaya, kafin a mayar da gogen ciki.